Rai Uku a Wuyan Hannu: Ƙarfin Fim ɗin Jumanji da Rauninsa

Fim ɗin da ya haɗa barkwanci da almara da tafiyar kasada a wuri ɗaya ya fi wuyar shiryawa fiye da yadda mai kallo yake tsammani, domin kowanne daga cikin ukun nan yana da abin da yake nema a wajen mai kallo, kuma buƙatun nasu suna karo da juna. Kasada tana so gaban mutum ya riƙa faɗuwa saboda jarumin da ke tsallake rami ko yake gudun namun daji, barkwanci yana so ya saki jikinsa ya manta da haɗarin, almara kuwa tana so ya amince da abin da ya san ba zai taɓa faruwa ba, ya kuma ci gaba da amincewa har a tashi. Duk mai shirya irin wannan fim sai ya fifita ɗaya a kan sauran, ko da saninsa ko ba da saninsa ba. Jumanji da ya fito a watan Disamba na 2017, wanda Jake Kasdan ya ba da umarni, ya fifita dariya a fili, kuma daga wannan zaɓi ne alherinsa ya fito, daga nan ne kuma yawancin aibinsa ya samo asali. Yana cikin fina-finan Amurka da suka iso ƙauyukan Kano da Jigawa ta hannun masu tura fina-finai a katin waya, kuma abin da ya fara jawo samari gare shi shi ne fuskar Dwayne Johnson, wanda suka daɗe da sani da sunan The Rock tun yana ɗan kokawa.

Asalin labarin wani ɗan littafin yara ne mai hotuna da Chris Van Allsburg ya wallafa a 1981, aka mayar da shi fim a 1995 da Robin Williams a matsayin jarumi. A wancan fim na farko, Jumanji wasa ne na katako irin na ludo, wanda kowane jifan ƙwaya yake fito da wani bala'i daga daji zuwa cikin gari, daga birai da zaki har zuwa ambaliya da garken manyan dabbobi a kan titi. Masu fim ɗin 2017 sun juya al'amarin, wasan ya rikiɗa ya zama gem na talabijin, kuma maimakon daji ya fito ya iske mutane, mutanen ne aka zuƙe zuwa cikin dajin. An ɗauki yawancin wuraren dajin a Hawai, an kashe kimanin dala miliyan 90, fim ɗin kuma ya tara sama da dala miliyan 960 a gidajen sinima na duniya.

Ɗalibai huɗu na wata sakandare ne aka tsare bayan an tashi, kowa da laifinsa. Spencer yaro ne mai ƙwaƙwalwa amma matsoraci, an kama shi yana rubuta wa tsohon abokinsa Fridge aikin gida, shi kuma Fridge ƙato ne ɗan wasan ƙwallo wanda karatu bai dame shi ba. Bethany kyakkyawa ce da ba ta rabuwa da waya, har tana hira da ƙawarta ana tsakiyar gwaji a aji, Martha kuwa mai kunya ce amma da kaifin baki, ta ƙi shiga motsa jiki ta kuma gaya wa malamar magana. A ɗakin tarkacen da aka sa su aikin horo suka tsinci tsohon injin gem, kowa ya zaɓi sunan wanda zai buga da shi ba tare da ya ga siffarsa ba, sai ga su a tsakiyar daji cikin jikunan da ba nasu ba. Sharaɗin komawa gida shi ne su mayar da wani koren dutse mai daraja cikin idon wani ƙaton gunkin damisa sannan su kira sunan wasan, alhali wani mugu mai suna Van Pelt, wanda ya sace dutsen tun farko ya sami iko a kan dabbobin dajin, yana bin sawunsu da rundunarsa a kan babura.

Babban ƙarfin fim ɗin yana cikin rabon jikunan nan, kuma an yi rabon da wayo. Matsoracin ya sami jikin Dwayne Johnson, ƙaton da yake taƙama da girmansa ya faɗa cikin jikin Kevin Hart, gajere wanda babban aikinsa a wasan shi ne ɗaukar jakar makaman jarumi, mai kunya ta zama mayaƙiya a jikin Karen Gillan, mai ji da kyanta kuma ta farka a jikin Jack Black, dattijo mai tumbi da gemu da tabarau. Kowannensu ko dai an ba shi abin da ya rasa a rayuwarsa, ko an ƙwace masa abin da yake tinƙaho da shi. Amfanin wannan tsari shi ne dariyar ba ta jiran wani ya faɗi magana mai ban dariya, tana nan a cikin kowane motsi tun daga lokacin da suka faɗo dajin. Mutumin da ƙirjinsa ya cika majigi yana shafa damtsensa cikin mamaki, yana rarrashin kansa kada ya yi kuka, yana zabura saboda motsin ƙaramar dabba a kan reshe, kuma mai kallo ba ya buƙatar jin Turanci kafin ya gane cewa zuciyar da ke cikin wannan jiki ta yi masa kaɗan. Johnson ya shafe shekaru yana sayar da ƙarfi da rashin tsoro, a nan kuwa ya yarda ya yi wa wannan suna nasa ba'a, kuma hakan ya sa ya fi kusa da mai kallo fiye da yadda yake a fina-finansa na faɗa.

Wanda ya fi kowa aiki, a ganina, shi ne Jack Black, domin shi aka ba abin da ya fi sauƙin lalacewa. Namiji yana kwaikwayon mace tsohon abin dariya ne a ko'ina, kuma mu ma mun saba ganinsa a wasannin barkwancinmu, inda ɗan wasa zai karya murya da ƙugu irin na 'yan daudu, a yi dariyar minti biyu a wuce. Da Black ya tsaya a nan, da abin ya gundure kafin a kai rabin fim. Abin da ya yi shi ne ya riƙe halin yarinyar gaba ɗaya, da son kanta da tsoronta da kuma kirkin da ita kanta ba ta san tana da shi ba, har mai kallo ya daina ganin dattijo yana rangwaɗa, ya koma ganin budurwa da aka raba da wayarta da fuskarta a rana ɗaya tana ƙoƙarin gano ko akwai wani abu da ya rage mata. Shi ya sa lokacin da ta hura wa wani abokin tafiyarsu numfashi yana bakin mutuwa, tana ganin ranta ɗaya yana gogewa daga hannunta yana komawa nasa amma ba ta ɗago ba, wurin ya taɓa zuciya duk da cewa fuskar da ke kan majigi ta mai gemu ce. 

Wannan tunani na ruhi ɗaya a jikin wani ba baƙo ba ne ga Bahaushe, kuma yana cikin dalilan da suka sa fim ɗin ya karɓu a inda ba a san gem sosai ba. A teburin wani mai shayi da ke wani ƙauye a gefen hanyar Gaya na ga samari sun jingina waya da gwangwanin madara suna kallonsa bayan isha'i, sai wani dattijo da ya zo sayen burodi ya leƙa ta bayansu ya ce, "Kai yara, shi wannan mai tumbin me ya same shi yake tafiya kamar amarya?" Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, ai yarinya ce a cikinsa." Dattijon ya ce, "To, aljana ta hau shi ke nan," ya ja benci ya zauna. Bai san komai game da injin gem ba, amma labarin shigar aljanu da rikiɗar da ke cike da tatsuniyoyinmu sun ba shi ƙofar shiga, kuma fahimtar tasa ba ta yi nisa da abin da fim ɗin yake nufi ba.

Ƙarfi na biyu shi ne fim ɗin ya kafa dokoki ya kuma mutunta su. Kowane ɗan wasa yana da zane uku a wuyan hannu, kowane zane rai ɗaya ne, in ya mutu zai sake faɗowa daga sama da saura biyu, in kuma suka ƙare to ya tafi ke nan. Kowa kuma yana da jerin abubuwan da ya ƙware a kai da jerin lagonsa. Jarumin ba shi da lago ko ɗaya, mayaƙiyar dafi ne yake kashe ta, mai tumbin ba ya jure wahala amma shi kaɗai yake iya ganin abin da ke rubuce a taswira, ɗan gajeren kuwa masanin dabbobi ne wanda aka rubuta masa cewa ba shi da gudu, ba shi da ƙarfi, kuma kek yana cutar da shi. Mai kallo zai ɗauka maganar kek wasa ce da aka jefa aka wuce, sai a cikin kasuwa ya ci wani yanki bisa zaton burodi ne, ya tsaya yana tambaya ko wani abu ya canza a jikinsa, kowa ya ce lafiya ƙalau, sannan ya tarwatse. Jinkirin nan tsakanin ci da fashewa shi ne gwanintar. Haka kuma ilimin dabbobin da aka raina shi ne ya cire wa maciji haƙora a lokacin da ƙarfin jarumi bai da amfani, kuma a ƙarshe mayaƙiyar ta taka cikin macizai da gangan domin ta mutu ta sake faɗowa daga sama daidai inda za ta miƙa dutsen ga Spencer a kan gunkin. Wato lagon da aka sanar tun farko ya zama makamin cin nasara, kuma dokar mutuwa da dawowa, wadda aka yi ta dariya da ita, ita ce ta warware labarin. Wannan rubutu ne mai tsari, kuma fina-finai da yawa da suka fi shi kuɗi ba su iya shi ba.

To amma rai ukun nan da suka ba fim ɗin mafi yawan dariyarsa su ne suka zare masa tsoro. A gidajen kallonmu an daɗe ana cewa akta ba ya mutuwa, kuma duk da haka mutane suna riƙe numfashi idan bos ya ɗora masa bindiga, domin fim mai kyau yana sa ka manta da abin da ka sani. Jumanji ya zaɓi ya tuna maka da shi a kowane mataki. Mutuwar farko da aka gani dorina ce ta fito daga ruwa ta haɗiye mai tumbin yana tsakiyar magana, bayan 'yan daƙiƙoƙi ya faɗo daga sama yana ƙorafi, daga nan kuma mai kallo ya koyi cewa mutuwa a wannan daji abin dariya ce. Fridge ya hankaɗa Spencer daga kan dutse cikin fushi, daga baya Spencer ya jefa Fridge daga jirgi mai saukar ungulu zuwa gaban garken karkanda domin ya ɗauke musu hankali, kuma dukkansu an yi su ne don a yi dariya. Dariya da tsoro a nan sun zama 'yan'uwa biyu da aka zuba wa tuwo a kwano ɗaya, babban ya cinye kafin ƙaramin ya gama wanke hannu. Masu fim ɗin sun san da matsalar, shi ya sa dab da ƙarshe suka bar Spencer da rai ɗaya, tsoronsa na asali ya dawo, har Fridge ya tuna masa cewa dama can kowa rai ɗaya yake da shi a duniya. Wurin yana da kyau, amma ya zo a makare, domin bayan an shafe fiye da awa ɗaya ana koya wa mutum kada ya damu, jimla ɗaya ba za ta mayar masa da faɗuwar gaba ba. Fim ɗin 1995, duk da cewa dabbobinsa na kwamfuta sun tsufa a ido yanzu, ya fi wannan ban tsoro, saboda a can babu zane uku, kuma yaron da wasan ya haɗiye ya yi shekara 26 a daji ya fito ya tarar iyayensa sun rasu.

Rauni mafi girma shi ne mugun. An ba Bobby Cannavale baƙar riga da ido mai launi da ƙwari masu shiga kunnensa suna fita ta bakinsa, aka ce masa ya tsaya ya yi kallon mugunta. Ba shi da wata alaƙa da yaran nan huɗu, bai san rauninsu na zuciya ba balle ya yi amfani da shi, ba ya ba da dariya a fim ɗin da kowa yake ba da dariya, kuma idan ya ɓace daga majigi na minti ashirin babu mai tambayar ina ya shiga. Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, ya san yadda abokin gaba yake raya irin wannan labari. Shi ma tafiya ce ta neman wani abu mai wuyar samu, cike da abubuwan al'ajabi da ban dariya, amma abin da mai karatu yake ɗokin gani a kowane gari shi ne inda Alhaji Imam zai sake karo da Malam Zurƙe, da wanda zai shammaci wani a wannan karo. Zurƙe yana ba da dariya kuma yana cutarwa, kuma saboda yana iya yin nasara a wasu lokuta, mai karatu ba ya sakankancewa. Van Pelt ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Masu kare fim ɗin za su ce ai da gangan ne, domin haka miyagun tsofaffin gem suke, marasa zurfi. Hujjar tana da kamar gaskiya, sai dai sanin aibi da nuna shi da yatsa ba ya gyara shi, kuma mai kallo zai zauna da wannan mugu marar daɗi na tsawon kusan awa biyu ko da gangan aka yi shi ko bisa kuskure.

Irin wannan uzuri shi ne aka lulluɓe duniyar fim ɗin gaba ɗaya da shi. Mutanen Jumanji ba mutane ba ne, sassan wasa ne da aka ɗora wa jimloli ƙalilan, kamar direban da ya ɗauko su da mota a farko, wanda duk tambayar da aka yi masa sai ya maimaita abin da ya riga ya faɗa da fara'a iri ɗaya. Karo na farko abin yana da ban dariya ƙwarai, musamman ga yaron da ya taɓa zama a shagon gem a hedkwatar ƙaramar hukuma ya san irin waɗannan mutane na cikin allo. Amma sakamakonsa shi ne an ce ƙasa tana cikin la'ana kuma jarumai za su cece ta, alhali babu ko mutum ɗaya a cikinta da la'anar ta taɓa shi a idonmu, babu gonar da ta bushe, babu uwar da ta rasa ɗa, babu wanda zai yi murna ta gaskiya idan an mayar da dutsen. Kasuwar da suka shiga tarkacen kasuwannin gabas ce da ba ta kowace ƙasa ba, dajin kuma ya haɗa dorina da karkanda da giwa da damisar Kudancin Amurka a wuri ɗaya. Almara tana da 'yancin haɗa abin da ta ga dama, ba wannan ne laifin ba. Laifin shi ne dajin ba shi da hali nasa. A tatsuniyarmu, idan yarinya ta shiga daji ta gamu da tsohuwa ta ce a cuɗa mata baya, abin da ta yi wa tsohuwar shi ne zai yanke mata hukuncin abin da za ta koma gida da shi, wato dajin yana auna tarbiyyar wanda ya shige shi. Dajin Jumanji yana auna gudu da tsalle ne kawai, gyaran halin da yaran suka samu kuwa a tsakaninsu ya faru, kuma da an kulle su a ɗakin tarkacen makarantar na tsawon yini da wataƙila sun kai ga mafi yawansa.

Akwai wani abu da yanayin kallonmu yake tonawa wanda mai kallo a babbar sinima ba zai lura da shi ba. Fim ɗin da aka matse aka tura a katin waya a rumfar mai caji ranar kasuwa, ake kallonsa a allon da bai kai tafin hannu ba, yana rasa kusan duk abin da aka kashe miliyoyin daloli a kansa. Garken karkandan da ke bin jirgi a cikin kwazazzabo ya koma wasu toka-tokan inuwoyi, faɗan dare a gindin gunki da ƙyar ake rarrabe waye waye, tsaunukan Hawai kuma sun zama koren bango kawai. Abin da ya tsira shi ne fuskokin mutum huɗun da yadda suke kallon juna. Wannan ya nuna inda nauyin fim ɗin yake a zahiri, ya kuma nuna cewa sassan faɗa da tsere, waɗanda babu wani sabon abu a cikinsu ko a babban allo, su ne suka fi sauƙin zubarwa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan a ƙaramar hukumar Warawa wanda ya rasu a Disamba 2014, ya shafe shekaru yana cika gidajen kallo da irin wannan dabara ta mutum a matsayin da bai dace da shi ba, ba tare da dabbar kwamfuta ko ɗaya ba. Bambancin shi ne Jumanji ya zauna ya rubuta dokokin wasansa kafin a kunna kyamara, abin da yawancin barkwancinmu yake barin wa hazaƙar ɗan wasa a wurin ɗauka.

Barkwancin da ya dogara da harshe shi ne ya fi wahala a hanya. Kevin Hart gwanin surutu ne da sauri da ƙorafi, kuma rabin abin da yake ba Ba'amurke dariya yana cikin zaɓin kalma da salon magana, wanda ba ya tsallakowa ga wanda Turancinsa na aji ne. Inda aka ɗora muryar Hausa a kan irin waɗannan fina-finai, kamar yadda aka saba da na Indiya, mai fassara yakan zuba nasa barkwancin a gurbin wanda ba zai fassaru ba, wani lokaci ya fi na asalin daɗi a kunnenmu, amma ya zama wani fim daban. Wani wasan kuma ma'anarsa ce take juyewa idan ya iso nan. Na biyar ɗinsu, matuƙin jirgi da Nick Jonas ya fito a matsayinsa, lagonsa sauro ne, kuma an shirya hakan ne don a yi dariyar cewa jarumi guda zai mutu saboda cizon ƙwaro. A ƙauyen da ke bakin fadamar Haɗeja, inda kowace damina ake jigilar yara zuwa asibiti saboda zazzaɓin cizon sauro, a ƙasar da take ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya, wannan lago shi ne mafi kama da gaskiya a cikin fim ɗin gaba ɗaya.

Labarin wannan matuƙin jirgi shi ne zinariyar da fim ɗin ya riƙe a hannu bai san darajarta ba. Sunansa na gaskiya Alex, wasan ya haɗiye shi tun 1996, yana zaton 'yan watanni ya yi, har sai da yaran suka lura da tsofaffin kalmomin da yake amfani da su suka gane cewa shi ne yaron unguwarsu da ya ɓata shekara ashirin da suka wuce, wanda gidansu ya zama kango mahaifinsa kuma ya zama abin tsoron yara saboda baƙin ciki. Duk wanda ya san gidan da ɗa ya tafi ci-rani kudu aka daina jin ɗuriyarsa ya san nauyin wannan. Fim ɗin ya ba shi 'yan mintoci, Alex ya yi shiru kaɗan, sai aka koma gudu. A ƙarshe wasan ya mayar da shi 1996, tarihi ya gyaru, gidan ya dawo da kyansa, shi kuma ya girma ya yi aure har ya sa wa 'yarsa sunan Bethany saboda ran da ta ba shi. Wurin haɗuwarsu yana da taushi, amma gyaran ya yi sauƙi ƙwarai, domin shekara ashirin na kukan uba an share su kamar ba a yi ba, babu wanda ya biya komai.

Sai batun da iyaye za su fi damuwa da shi. A Amurka an sa fim ɗin a rukunin da ake gargaɗin iyaye game da yaran da ba su kai shekara 13 ba, amma wannan gargaɗi ba ya biyo fim cikin katin waya, kuma ganin daji da dabbobi yana sa a ɗauka na yara ne. Akwai wurin da yarinyar da ke jikin namiji take koyon yadda maza suke fitsari, da maganganun al'aura da ba za a so a ji su a tsakar gida ba, akwai wurin shan giya, akwai kuma dogon darasi da ake koya wa Martha yadda za ta ja hankalin masu gadi da kwarkwasa. Shigar da aka yi wa Karen Gillan, guntun wando da guntuwar riga a cikin daji mai sauro, ta jawo suka tun lokacin da aka saki hoton farko kafin fim ɗin ya fito, kuma amsar masu fim ita ce su sa Martha da kanta ta yi ƙorafin shigar, tana tambayar wa zai shiga daji a haka. Dabarar ita ce dai wadda aka yi da mugun, a yi wa abu ba'a sannan a ci gaba da cin moriyarsa har ƙarshen fim.

Ci gaban da ya fito a 2019 ya tabbatar da cewa masu shirin sun san sarai inda ƙarfinsu yake. Sun sake rikita rabon jikunan, suka shigo da tsofaffi biyu, Danny DeVito da Danny Glover, ta yadda Johnson da Hart suka koma kwaikwayon dattawan da ba su taɓa riƙe gem ba suna ta tambayar ko sun mutu ne, kuma wannan ɓangare ya yi aiki kamar na farko. Sun ƙara hamada da tsaunin ƙanƙara da jiminai da birai, suka kawo sabon mugu wanda shi ma da wuya mai kallo ya tuna sunansa washegari, fim ɗin kuma ya tara kimanin dala miliyan 800.